Ranar da Muka Rufe Tubali

Wata Laraba ce a ƙarshen bazara, shekarar da nake aji biyar a firamare, bayan la'asar kaɗan. Ina tsakar gida ina tankaɗe wa Inna garin dawa sai iska ta taso ta watsa mini garin a fuska. Na ɗaga kai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Ban san lokacin da na yar da rariya ba, na suri tabarmar da nake zaune a kai na fita a guje ko takalmi babu, Inna tana ƙwala mini kira. Tubalinmu yana shanye a filin makaranta, kuma bai gama bushewa ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Bungudu, ba nisa da Rawayya. Tun daminar da ta wuce ajinmu ya rushe, muka koma karatu a gindin darbejiya, a bakin hanyar kasuwa. Baba bai so haka ba ko kaɗan. Ya ce da ni, "Ɗiyata ba ta zama bakin hanya masu babura na kallo. In ruwa ya zauna ba aji, kin gama boko." Ni kuwa duk duniya babu abin da nake so kamar in shiga sakandare.

Ana cikin haka wasu ɗalibai masu karatun gini suka zo daga Gusau. Suka haɗa kai da maginan garinmu da malamanmu, aka yanke cewa za a tayar da ajin da ƙasar wurin, ba da bulo da siminti ba, kuma mu yara da mu za a yi. Wayyo daɗi! Rabin darasinmu ya koma bakin kududdufi. Anti Rabi, ɗaya daga cikin ɗaliban, ta sa muka zuba ƙasa a kwalba da ruwa muka girgiza, muka zuba ido har yashi ya kwanta ƙasa, laka ta hau bisa. Lissafi da igiya muka riƙa yinsa, muna auna faɗin ɗaki. Malam Ɗanjuma, babban magini, shi ya koya mana kwaɓa ƙasa da ciyawa, muna tattakawa da ƙafa har gwiwa, muna kifar da juna da gangan. Tubalin farko da na mulmula ya ɗaga shi ya juya, ya ce, "Wannan tubali ne ko kan akuya?" Har aka gama aikin, Kan Akuya yara ke kirana.

To, ranar Larabar nan ɗaliban sun koma Gusau, magina kuma sun tafi kasuwa. Da na isa filin na tarar da 'yan ajinmu suna ta ɓullowa ta kowace kusurwa, wani da buhu, wata da tsohon zanen uwarta, wani ma da faifai, kamar faifai zai rufe wani abu. Muna shimfiɗawa iska na ɗagewa, muna bi muna dannewa da duwatsu, muna ihu muna dariya. Amma ko rabi ba mu rufe ba aka fara yayyafi. Na ga ɗigon farko ya huda tubali, sai dariyar ta ɗauke mini.

Can sai ga wani mutum tafe da ƙaton kaya a ka, har ba a ganin fuskarsa. Da ya sauke na ga Baba ne. Zanan dangar gidanmu ya kwance, sababbi, ya haɗo da tamfol ɗin da yake rufe hatsinsa. Ko kallona bai yi ba. "Mi kuke kallo? Ku kama can!" Maƙwabta da suka gan shi su ma suka kwanto nasu. Muna ɗaure igiyar ƙarshe ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, muka shiga cikinsa muna tsalle, ana walƙiya muna tafi. Layin gefe kawai ya narke. Mako guda gidanmu ya yi a buɗe, awakin mutane na shigowa, Inna na ta mita.

Kafin ruwa ya zauna an ɗora azara, an yi rufi, an shafe bango da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa mai hana ruwa cin gini. Iyayenmu mata suka yi daɓe suna waƙa. Ɗakin sanyi gare shi kamar cikin randa. A ciki na gama firamare, na wuce sakandare. Malam Ɗanjuma ya sha gaya mana, "Ginin ƙasa ba a barinsa shi kaɗai, kowace shekara sai an yaɓe shi." Haka muka riƙa yi duk bazara, ko bayan mun bar makarantar.

Bara 'yan bindiga suka shigo garinmu. Ba na iya ba da wannan labarin tukuna. Mun yi gudun hijira, yanzu muna zaune a Damba, gefen Gusau, gidan kawuna, ɗakin bulo mai rufin kwano da ke gasa mutum da rana. Ni da nake tafi in an yi tsawa, yanzu in ta faɗi sai in tsinci kaina a bayan ƙofa, na toshe kunne. Bana babu wanda ya yaɓe ajinmu.

Jiya da la'asar hadari ya haɗu. Ban ankara ba sai ga ni tsaye a bakin zaure, tabarma a hannu. Baba ya daɗe yana kallona daga inda yake zaune, sannan ya ce a hankali, "Ajiye ta, Kan Akuya, mun yi nisa." Na ajiye. Amma har ruwan ya ɗauke idona na gabas.