Turakun Mushe Isufu a Mashaya

Har gobe ba na manta ranar da muka kai 'yan sizyam, wato ajin farko na kwalej, bakin ƙorama a wani gari kusa da Waca. Ana dab da damina. Ni gardi ne, wato mai gadin makarantar, nawa ɗaukar igiya da turaku, da tsare yara kada wani ya faɗa ruwa. Mushe Isufu, malaminsu, so yake su auna faɗin ruwan, su kafa turaku a gaɓa, bayan damina a dawo a ga inda ruwa ya kai.

Muna isa sai ga Mamman Mai Rake, wanda lambunsa ke manne da mashaya, inda shanun gari ke sauka su sha. Mutumin da ko ɓawon rake ba ya kyauta da shi, ran nan ya sare wa yara dami guda. Nan take hankalina ya ƙi kwanciya.

"Mushe, nan laka ce," in ji shi. "Ku matsa can, ƙasar ta fi tauri." Har guduma ya karɓa da kansa. Can ɗin kuwa tsakiyar hanyar shanu ce.

Na ce, "Mamman, yaushe ka fara son boko?"

"Kai gardi, sha rakenka ka yi shiru."

Ban sha ba. Na ja Mushe gefe na ce alherin nan da walakin, amma ban san me mutumin ke nufi ba. Ya ce mu zuba ido.

Muna naɗe igiya wani dattijon garin, Baba Haladu, ya iso da shanunsa. Ya dubi turakun nan masu jan fenti, ya ce:

"Ranku ya daɗe, an yanke mana mashayar ke nan?"

Kafin mu buɗe baki Mamman ya amsa: "Ka dai gani da idonka, ma'aikatan gwamnati ne suka auna. Gobe zan ja shinge."

Mushe bai yi faɗa ba. Ya kira yaran, kowa ya tuge turkensa a gaban dattijon. Awon bayan damina ya tafi ke nan, shanu suka sauka suka sha. Mamman ya biyo mu ya kwashe ragowar rakensa.

Ku da kuka shigo aikin nan jiya, ku sani: a ƙauye turken lakwal, wato na makarantar boko, ba wasan yara ba ne, sa hannun gwamnati ake ɗaukarsa. In kun kafa, ku tuge abinku kafin ku tafi. In kuma marowaci ya miƙo muku rake, ku duba ƙasar da kuke tsaye a kai.