Yadda Iyayenmu Suka Ƙwace Mana Filin Ƙwallo

A unguwarmu ta Omdurman, lokacin da nake firamare, ƙwallo aikin marasa aiki ce. Iyayenmu teloli ne da maƙera da 'yan kasuwa, ana tashi daga makaranta shago ke jiranka. Da Larabci "kura" ake ce wa ƙwallo, kakata ta san haka sarai, amma duk ranar da na ce zan je kura sai ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, za a cinye mini miji!"

Sai aka kawo mana sabon shugaban makaranta, wani siriri mai yawan murmushi. Ya sami dattawan unguwa bayan sallar la'asar, ya ce makaranta za ta ba da filinta da ƙwallo da malami, su kuma su share filin su saki yara. Suka ce madalla. Aka kwashe duwatsu, maƙerin layinmu ya haɗa turakun gola, amma ba wanda ya saki ɗansa.

Da shugaban ya ga haka, sai ya shirya wasa ranar Juma'a: iyaye da 'ya'yansu.

Babana, tela ne, ya ce shi zai tsare gida, don a yankin Jazira, lokacin yana saurayi, ba a taɓa zura masa ƙwallo ba.

Inna ta ce, "Malam, a gonar audugar? Ni na ɗauka buhu kuke cafewa."

Ya shiga fili da jallabiyarsa har ƙasa, da rawani. Mu kuwa mun riga mun ƙulla: kowa ya buga ta ƙasa, tsakanin ƙafafunsa. Ni na fara samun dama, na ɗirka ta da duk ƙarfina. Ƙwallo ta shige jallabiya, ba ta fito ba. Baba ya matse gwiwoyi, ya dube ni, ya gyara rawani.

Na ce wa malamin da ke alƙalanci, "Ustaz, wannan ai taru ne!"

Ya ce bai san dokar da ta hana ba. Haka muka yi ta bugawa jallabiya tana haɗiyewa, har maƙeri ya ture ɗansa ya ci mu ɗaya.

Washegari muka zo da la'asar, muka tarar da iyayenmu a fili, wasu har sun tuɓe riga. Baba ya hango ni ya ce, "Yauwa, je ka tsare mini shago." Kowane uba abin da ya faɗa wa ɗansa ke nan. Muka kai ƙara wurin shugaban makaranta, ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi ba zai kori dattawan da suka share masa fili ba.

Sai muka kai kuka wurin iyayenmu mata. Kullum mazan nan suna dawowa da ciwon baya, a dafa musu ruwa, a murza su da man riɗi. Inna ta zaga gidajen layin, suka yi shawara. Da Baba ya dawo yana ɗingishi ya nemi man, sai ta ce, "Ya ƙare, Malam. Maƙwabta ma na tambaya, babu."

Ba a daɗe ba suka fara janyewa, wannan gwiwa, wancan ƙugu. Amma ba su koma shago ba. Suka sa aka fito da gadajen igiya bakin fili, suka zauna ana kawo musu shayi, suna koya mana ƙwallo da ihu, kowa da nasa umarnin.

Da muka haye gada zuwa Khartum don karawa da wata makaranta, su suka cika motar, mu muka tsaya a tsaye. Aka lallasa mu. A hanyar dawowa Baba ya ce laifin direba ne, ya jijjiga mana ƙafafu.