Sarjiyem da Kekenta Mai Dogon Wuya

Shekara ashirin da shida Sarjiyem ta yi tana goya kwandon jamu, wato jiƙon gargajiya na sha, a bayanta. A ƙauyenmu, kudu da Yogyakarta, wannan ba abin faɗa ba ne, don kusan kowane gida akwai mace mai wannan sana'a. Kwalabe takwas take jerawa a kwandon: jiƙon kurkum da tsamiya, na shinkafa da citta, da mai ɗacin nan da maza ke sha suna yamutsa fuska. Ta ɗaure kwandon da majanyi, ta riƙe bokitin wanke ƙoƙo a hannun hagu, ta bi unguwanni da ƙafa har azahar. Rijiya ɗaya muke sha da gidansu, shi ya sa na san lamarinta.

Mijinta Wagiran keken fasinja mai ƙafa uku yake tuƙawa a bakin kasuwa. Mutum ne mai surutu, ita kuwa sai a wuni ba a ji bakinta ba. 'Yarsu ɗaya, Purwanti, lokacin tana aiki a wani kamfanin ɗinki a Batam.

Ranar Asabar ɗin da aka yi girgizar ƙasa, a 2006, gari ya ɗan waye, tana tsugune a madafa tana tace ruwan kurkum. Azarar rufi ce ta faɗo mata a gadon baya. Wagiran da maƙwabta suka zaro ta, aka kwantar da ita a kan ƙyauren ƙofa, aka kai ta bakin titi. A ranar mutum goma sha ɗaya muka binne a unguwarmu kaɗai, don haka wanda ya tsira da ransa ba a tsaya yi masa dogon jaje ba. Wata biyu ta yi a asibiti, aka sa mata ƙarfe a ƙashin baya. Likita ya ce za ta yi tafiya, za ta zauna, amma goyon kaya da sunkuyo sun ƙare mata. Tun daga nan a kan kujera take sallah.

Bayan kamar wata takwas wata ƙungiyar agaji ta zo ta raba wa mata masu jamu kekuna. Sababbi fil, jajaye, masu giya, kansu miƙaƙƙe kamar sanda kuma ƙasa-ƙasa. Sarjiyem ta iya keke tun tana yarinya. Ta hau nata, ta tuƙa daga ƙofar gida zuwa gada, tafiyar da ba ta fi ta minti uku ba, sai ga ta ta dawo tana tura shi. Ta ce da ta miƙa hannu ta kama kan keken, ji ta yi kamar ana buga mata ƙusa a baya. Kwana biyu ta yi a kwance.

Wagiran ya ce ta haƙura, abin da yake samowa zai ishe su. Ta ce ba maganar abinci take yi ba. Akwai masu jego da ita ta kai wa iyayensu jiƙo lokacin da aka haife su, kuma ba za ta iya wuni a bukkar gorar da suka kafa bayan girgizar tana kallon bango ba.

A ƙarshen layinmu akwai Malama Sudarmi, tsohuwar malamar firamare. Tana da wani baƙin keke na mata, wanda ba shi da sandar tsakiya, da ta gada wurin mahaifiyarta tun zamanin Turawan Holan. An tono shi daga ƙarƙashin ɓaraguzai fok ɗin da ke riƙe tayar gaba a lanƙwashe, tayar ma ta murɗe, aka jingine shi a jikin ayaba. Sarjiyem ta je ta ce a yi musaya. Malama ta tambaye ta har sau biyu ko da gaske take, sannan ta karɓi sabon ta ba jikarta.

Da Wagiran ya dawo ya ga abin da ke tsakar gida, sai ya zagaya shi, ya taɓa tayar da yatsan ƙafa.

"Sabo kika bayar kika karɓo wannan gawar? Anya azarar nan a baya kaɗai ta same ki?"

"Ɗora min shi a kekenka mu je wurin Tukijan," in ji ta.

Tukijan shi ne mai gyaran keke a mararraba. Shagonsa ma ya rushe, a ƙarƙashin tamfol yake aiki. Yana da walda, kuma yana ganin girman tsofaffin kekuna fiye da yadda yake ganin girman yawancin mutane. Cikin kwana huɗu ya miƙar da fok, ya sake ɗaura waya a tayar, ya wanke sarƙa da kananzir. Ya ce irin waɗannan kekunan dama a miƙe ake zama a kansu, babu abin da za a ƙara.

Sarjiyem ta hau, Wagiran na riƙe da kariyar ɗora kaya ta baya. Ta kama kan keken, ta sauko. Ta ce har yanzu da sauran sunkuyo.

"Haba Yaya Sarji," in ji Tukijan, "wannan ɗan sunkuyon ko liman ba zai kira shi ruku'u ba."

"Ba bayanka ba ne," ta ce.

Tukijan ya ce shi ba zai sa zarto a jikin keken da ya girmi ubansa ba. Ta ce to shi ke nan, za ta kai wa masu waldar ƙofa a bakin kasuwa, su ba ruwansu da shekarun ƙarfe. Jin haka ya ce ta bar masa keken.

Washegari ta zo da kujerar da take sallah a kai. Ta zauna a miƙe yadda bayanta ke so, ta saki kafaɗa, gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, Tukijan ya ba ta guntun gora ta riƙe da hannu biyu. Ya ɗauki igiyar leda ya auna daga kujera zuwa gorar, daga gorar zuwa cibiyarta, yana ƙulla igiyar a kowane awo. Da wannan igiyar ya yi aiki.

Gwajin farko, ya ƙara wa wuyan keken bututun famfo mai tsawon taƙi ɗaya da rabi. Tsayin ya yi daidai, amma kan ya yi mata nisa. Sai ya cire kan gaba ɗaya, ya samo wani dogon bututu, ya cika shi da yashi, ya gasa, ya lanƙwasa shi har ƙahonnin biyu suka dawo baya kusa da cinyoyinta. Sandunan birki na asali suka gaza, ya maye su da waya, yana yi yana ƙunƙuni. Ya sauke sirdi ƙasa don ƙafarta ta riƙa taɓa ƙasa ba sai ta karkata ba, ya sa mata faffaɗa mai sifirin biyu da ya cire daga tsohon keken fasinja.

A haka ta zagaya filin ƙwallo sau uku ba ta kushe komai ba, abin da a wurinta yabo ne. Aka ɗaura akwatin katako a kan kariya, aka jera kwalabe goma sha biyu. Ranar farko da ta fita talla, a hawan gada, nauyinta da na kwalabe duk suka koma baya, tayar gaba ta ɗaga sama. Allah ya sa ta dire a kan ƙafafunta, amma keken ya kife. Kwalabe bakwai suka fashe, kurkum ya rina kwalta, aka yi sati ana ganin tabon. Wagiran ya rantse ba za ta sake hawa ba. Ba ta yi masa musu ba, da ya fita kasuwa ta tura keken zuwa mararraba.

Tukijan ya ce laifinsa ne, bai yi lissafin kaya ba. Ya yi wa keken kariya ta biyu a gaba, ya haɗa ta da jikin firam don kada nauyi ya riƙa juya kan. Kwalabe biyar suka koma gaba, bokiti da sauran suka tsaya a baya. Ya kuma yi mata jak mai ƙafa biyu, yadda za ta tsaya ta zuba jamu a tsaye. Daga nan keken bai sake ɗaga kai ba.

Ba shi da sauri, kuma in iska ta taso daga teku sai ta daki ƙirjinta kai tsaye. Mata a bakin hanya suna tsokanarta da cewa ga amarya za a kai ɗaki, wasu su ce ta haɗiye muciya. Takan kaɗa ƙararrawa ta wuce. Unguwannin da a da take kai azahar tana zagayawa, yanzu kafin ƙarfe goma ta gama, har ta ƙara wasu biyu a tsallaken kogi.

Wata Lahadi 'yan ƙungiyar masu tara tsofaffin kekuna suka biyo ta mararraba da hulunansu na zamanin da. Ɗaya daga cikinsu ya ga keken a jingine, ya duƙa ya karanta tambarin, ya tambaya wane mugu ne ya yi wa wannan keke haka. Tukijan na zaune yana liƙin tif ɗin taya. Ya ce shi ne, kuma mai keken ga ta can tana zuba jamu, in yana da ƙorafi ya kai mata. Mutumin ya sha ƙoƙo ɗaya na kurkum ya tafi.

Girgizar ta bar mutane da yawa da ciwon baya a yankinmu. Cikin shekara biyu Tukijan ya yi irin wannan gyara wa kekuna fiye da ashirin. Duk wanda ya zo, sai ya ce ya koma gida ya ɗauko kujerar da ya fi jin daɗin zama a kai.

Shekara goma sha uku Sarjiyem ta yi tana talla a kan keken. Wagiran ya rasu a shekara ta tara, ta yi takaba ta koma hanya. Abin da ya sauke ta ido ne: yanar ido ta rufe na hagu, ta fara kasa gane zurfin rami. Purwanti ta dawo daga Batam da 'ya'yanta biyu, ta karɓi sana'ar, amma ita a babur take fita, da kwalaben roba. Ta ce keken na sa ta ji kamar duk gari ita ake kallo.

Yanzu Sarjiyem ta haura saba'in. Ita ke zaɓen kurkum, ita ke ɗanɗana kowace tukunya kafin a ɗura, kuma har yau ba ta yarda a yi niƙa da inji ba. An yi mata aiki a idon bara, amma Purwanti ta hana ta titin mota. Ranar kasuwa takan hau keken ta bi ta hanyar gonakin shinkafa, ta sayo tsamiya da mazarƙwailar kwakwa, ta dawo kafin rana ta yi zafi.