Matar da Ta Zo Neman Garba Dosso

Shekara hamsin ke nan da muka binne kakana, Baba Sajan, a zangon Kumasi. Ni da na tsere daga makaranta tun aji uku, yau ni ke masa rubutu a jarida. Da babu gara ba daɗi.

Ran Asabar za a taru a gidan yayata Hajiya Memuna, nan East Greensboro ta Amurka, a ci shinkafa da wake, a yi masa addu'a. Jarumi, in ji su. To, ga abin da ya gaya mini wata rana ina matsa masa ƙafa.

Ɗan malami ne, kuma a zamaninsu ɗan malami ba ya sojan Nasara. Sai ya shiga a ɓoye, ya ce a rubuta Garba Dosso, alhali Isufu aka raɗa masa. A gida an ɗauka fataucin goro ya tafi. Sai bayan ran mahaifinsa ya yarda aka fara ce masa Sajan.

A yaƙin Jamus, can Kamaru, atini ya kayar da shi, aka bar shi a wani ƙauye. Wata mata ta yi jinyarsa, ta wanke abin da uwa kaɗai ke wankewa. Da ya warke, ɗakinta ya zama nasa. Da zai tafi ya ce mata, in an gama yaƙin ta zo Kumasi ta tambayi Garba Dosso.

Ta kuwa zo, da goyo. Ta bi gida-gida har ƙofar mahaifinsa. Malam ya ce babu mai wannan suna a nan, kuma iyakar saninsa ya faɗa. Kakana na bayan asabari yana jin muryarta. Bai fito ba.

Da ya gan mu yau, anya zai iya yi mana faɗa? Ni kaina na yi shekaru a wani sito a nan ina aiki da takardun wani ƙato, ina amsa sunansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na buga wa Hajiya waya na ce bana a ambaci matar nan a wurin taron.

"Kai Ɗanladi, tsufa bai raba ka da tsiya ba? Rufa wa mamaci asiri!"

"Yaya, ita wa ya rufa mata nata?"

Ta kashe wayar.

Me ya rage na Baba Sajan? Mu, masu dariyarsa da tsoronsa. Sai wasu, wataƙila, a Kamaru, masu alfahari da kakan da ba a taɓa haifa ba. Ni kaɗai na rage da na san sunan matar, ga hawan jinina ba ya wasa. Sunanta Ngono. Yanzu da kuka karanta, mun yi yawa.