Akwatin Kiɗan Badamasi

Idan kun taɓa kai shinkafa casa a Bagudo, to kun ga Badamasi ko da ba ku san sunansa ba. Shi ne dogon nan da dusa ta mayar wa gira fari fat, wanda idan kana masa magana bakinka yake kallo maimakon idonka. Baƙi sukan ɗauka kunya ce. Ba kunya ba ce, ku gyara zama ku ji.

Tun yana saurayi ya shiga ɗakin injin. Abokan aikinsa sun tsani ƙarar, shi kuwa sonta yake yi. Yakan ce injin casa makaɗi ne da ba ya gajiya, dum, dum, dum, ba sauri ba nawa. Ranar da wani direba mai zuwa Kwatano ya tura masa kiɗan rawa na lantarki a memori, irin wanda babu waƙa a cikinsa sai bugu da wani gurnani daga ƙasa, Badamasi ya zauna kan buhu ya ce, "Ashe akwai masu irin haukata a duniya!" Daga nan ya fara haɗa nasa a waya, iyafis ba ya barin kunnensa. Inji na cin kunnen ta waje, iyafis na ci ta ciki.

Matarsa Sailuba ce ta fara lura.

"Baban Hamdiyya, wayarka ke kuka tun ɗazu."

"Tana ina?"

"Cikin aljihunka mana."

Ta yi ta matsa masa har ya je asibiti. Likita bai ɓoye masa ba: siraran sautuka sun tafi, ba kuma za su dawo ba. Masu kauri ne suka rage, kuma in ya ci gaba da tsayuwa kusa da inji, su ma za su bi sahu. Da ya dawo gida ya ce wa Sailuba dusa ce ta toshe, za ta fita. Amma a ransa ya yanke shawara. Zai bar injin tun da sauran kunne, ya koma kiɗa a gidajen biki, kiɗan kansa ba na wani ba. Waya ba za ta iya wannan aiki ba, sai na'ura ta sosai. Ya ɗauki injin ban ruwan da mahaifinsa ya bar masa na fadamar Kaoje, ya sayar.

"To da rani mi za mu ba shinkafa ta sha?" in ji Sailuba. "Kiɗa?"

Ya naɗe kuɗin ya sa a aljihu. Har yau ba ta sani ba ko ji ne bai yi ba.

Ya bi ta Lolo ya tsallaka ƙasar Binin, ya isa kasuwar Malanbil, inda aka kwatanta masa shagon wani Sadisu mai sayar da kayan sauti na hannu. Suna gaisawa Sadisu ya tambayi garinsu.

"Bagudo."

"Kai! Bakabe! Shi ya sa shagona ya ɗauki ƙarnin kifi. Zauna a ƙasa, bawana."

"Au, Bakatsine ne? Bawa na tsaron shago, ubangida na sayayya. Tashi ka yi mini hidima."

Kun dai san tsakanin Kabawa da Katsinawa. Wasa ne tun kaka da kakanni, kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa baƙar magana, ba mai jin haushi, ba kuma mai ɗaukarta da gaske.

Sadisu ya fito da abu biyu. Na farko fiyano ce doguwa, irin wadda ake kiɗan biki da ita ko'ina. Ka danna maɓalli ɗaya, ganga da sarewa da goge su zubo a shirye. Na biyu ɗan baƙin akwati ne, maɓallansa kaɗan, amma cike yake da 'yan kawuna na murɗawa kamar na tsohuwar rediyo. Sintisaiza ake ce masa.

"Wannan babu waƙa ko ɗaya a cikinsa," in ji Sadisu. "Kai za ka gina sautin da hannunka, murɗa nan, murɗa can. In abinci kake nema, ɗauki fiyano. Wancan na masu neman wahala ne."

Aka jona fiyano da lasifika. Sadisu na kaɗa kai, masu wucewa na tsayawa, Badamasi kuwa ji yake kamar rediyo ce ake sha a ɗakin maƙwabci. Ganga na isowa can ƙasa-ƙasa, sarewar da kowa ke yi wa murmushi babu ita sam. Ya gyaɗa kai shi ma, don kada a gane.

Sai aka jona ɗan akwatin. Ya danna maɓallin ƙarshe na hagu. Wani gurnani ya taso, ya bi ta bencin da yake zaune, ya hau cinyoyinsa, ya zauna masa a ƙirji. Jama'a, rabon Badamasi da ya ji sauti cikakke haka har ya manta. Idonsa ya kawo ruwa. Ya kama wani kai daga tsakiya ya murɗa, gurnanin ya ƙara kumbura, ya murɗa shi har ƙarshe.

Sadisu ya yi tsalle ya toshe kunnuwa. "Kai, rage wannan! Ba ka jin fiton da yake yi? Kamar ana soka allura! Bakabe, kunnenka ya mutu ne?"

Badamasi ya tuntsire da dariya. "Bakatsine matsoraci! Ku ko tsawa aka yi sai kun shige ƙarƙashin gado."

"Ba wasa nake ba fa. Wannan kan, in ya wuce rabi, fito yake."

"Haka kuke cewa kullum."

Gaskiya ne kuwa, haka suke cewa kullum. A wasan nan kowace tsiya da "ba wasa nake ba" ake rufe ta. Ga shi kuma fiyano ta fi tsada, Badamasi ya ɗauka ita mutumin ke son tura masa. Ban da haka, in ya tsaya ya ce, "Ɗan'uwa, wane fito?" to ya faɗa wa kasuwar Malanbil abin da bai faɗa wa matarsa ba. Sadisu ya ga mai saye na dariya, shi ma ya yi dariya, ya naɗe masa akwatin a kwali.

A gida ba shi da lasifika, sai ranar biki zai yi haya. Saboda haka duk koyon da ya yi da iyafis ya yi shi. Ba wanda ya ƙara jin abin da ke fita daga akwatin nan sai shi, shi ɗin ma rabi yake ji.

Aikin farko ya zo daga Geza. Wakili, wani dillalin shinkafa da ya san shi a injin, zai aurar da ɗansa, ya ce a zo a gwada. Bayan la'asar aka kafa rumfa, aka ta da janareta, mata suka cika fili. Kuma don Allah kada ku ce bai iya ba. Da bugun ya fara, samari suka shigo, 'yan mata suka bi, har tsofaffin da ke kan tabarma suna kaɗa kafaɗa suna cewa wannan wane irin kiɗa ne. Sailuba na can baya cikin mata, ta rufe baki da mayafi tana dariyar jin daɗi.

Da ya ga fili ya ɗauka, sai ya sunkuyar da kai, ya lumshe ido, ya kai hannu ga kan nan na tsakiya ya murɗa shi har ƙarshe.

Abin da ya fito daga manyan lasifikokin nan, waɗanda suka je sun ce ba su taɓa jin irinsa ba. Jarirai suka tsandara ihu a bayan iyayensu. Mata suka danne kunnuwa suna ture juna, aka kifar da tukunyar abinci, wata tsohuwa ta faɗi aka tattake mata hannu. Ana ta yi masa ihu ya kashe. Shi kuwa ido rufe, yana rausaya, yana murmushi irin wanda ba a taɓa gani a fuskarsa ba. Sailuba ce ta kutsa ta cikin masu gudu, ta isa janareta ta kashe.

Ya buɗe ido ya ga fili ba kowa sai takalma da kujeru a kife. Wakili na tsaye gabansa, jijiyar wuya a miƙe. Badamasi ya kalli bakinsa, ya karanta duk abin da ake ce masa.

Wani ya ɗauki abin a waya. Kafin mako ya zagayo an kalle shi a Kende, an kalle shi a Kaoje, kuma ba gudun mutane ake maimaitawa ba, murmushin ake maimaitawa. Sailuba ba ta yi masa gori ba. Ta sa ya nuna mata kan, ta ɗaure shi da zare tamau yadda ba zai murɗu ba. Ya bi gidajen da ake shirin biki yana rantsuwa an gyara. Kowa ya karɓe shi da fara'a, ya ce za a neme shi. Wa zai ba kurma kiɗan bikin 'yarsa?

Rani ya zo, fadamar Kaoje ba injin ban ruwa, ta bushe ta tsattsage. Da hatsin gida ya ƙare, Badamasi ya koma wurin mai injin casa ya durƙusa. Mutumin ba mugu ba ne, ya karɓe shi nan take. Ya dafa kafaɗarsa, ya matso da baki kusa da kunnensa, ya ɗaga murya.

"Yaran nan duk gudun bakin injin suke, wai ƙara. Kai tunda ba ta damunka, can za ka tsaya."

Can yake tsaye har yanzu, daga safe zuwa magariba.