Baba Mai Tsani da Sababbin Fitilu

Shekara ashirin da bakwai Baba Mai Tsani ya yi yana canza ƙwan fitilun titi a ƙarƙashin majalisar birni. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake zaune a wani ɗaki bayan kasuwa, don haka hirarsa duk a bakin aiki take. Duk inda ya jingina tsani sai wani ya tsaya ya riƙe masa, a ɗan taɓa zancen duniya.

Wata safiya shugaban sashensu ya kira shi ofis, ya ba shi kujera.

"Baba, majalisa ba ta da kuɗin sayen sababbin fitilu," in ji shi. "Wani kamfani ne zai kafa masu aiki da hasken rana. Abin da muke kashewa a wuta da gyara, da shi za mu riƙa biyansu kaɗan-kaɗan."

"To, ai gyaran ni ne," Baba ya ce.

Shugaban ya sunkuyar da kai yana juya biro.

Aka sallami Baba daga aiki da haƙƙinsa cif. Fitilun kuwa sun yi kyau, shi da kansa ya yaba. Da magariba yakan fito ya bi titin a hankali, yana kallon yadda suke kamawa da kansu.

Ranar da 'yarsa da ke aure a wani gari ta bugo waya, ta tambaye shi aiki, ya ce lafiya lau. Sannan ya yi ta jan hirar har katinta ya ƙare.