Malama Asiya Arzika da Manoman Ambursa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malama Asiya Arzika a gidanta da ke Nasarawa, Birnin Kebbi, bayan jinyar da ta ɓoye wa ɗalibanta har ƙarshe.

Malama, ke kika koya mana nazarin zamantakewa, kuma ƙungiyoyi ne fagenki. Kina cewa duk inda mutane suka haɗu kan manufa ɗaya, suka raba aiki, suka yarda da doka, ƙungiya ta samu. Sai dai tsarin da aka rubuta daban, wanda ke tafiyar da mutane daban. Ni dai haddacewa nake yi don jarrabawa, har ranar da kika kai mu Ambursa.

Ƙungiyar manoman shinkafa ta rabu gida biyu kan shugabanci. Ga rani, ga injin ban ruwa ɗaya tal, kowane ɓangare ya hana ɗaya taɓa shi. Shuka ta fara yaushi. Kika zauna kan tabarma tun hantsi kina saurare, ba ki goyi bayan kowa ba. Can kika tambaya, "Ran da injin nan yal lalace bara, ƙofar wa kunka buga?"

Wani dattijo ya ce, "Ta Riskuwa." Ɗaya ɓangaren ma suka amsa da sunansa. Ashe shi ke raba musu ruwa shekara da shekaru, alhali ba shi da muƙami.

Kika ce, "To ku bar wa zaɓe rigimar kujera. Ruwa kam, ku bar shi hannun da kunka yarda da shi."

Kafin la'asar injin ya tashi. Na tsaya ina kallon ruwa yana bin gonaki, tsigar jikina na tashi.

Haka kika zauna da masuntan Argungu da mata masu turara shinkafa, ba ki taɓa barin a ambaci sunanki ba. A motarki kike kwasar mu, tuwon gidanki muke ci.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ilimin da kika bari ya zame miki sadaka mai gudana. Iyalanta, Malam Sunusi, Hanifa da Mansur, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu. Amin.